Layin da Sarkin Haɗi Ya Gani Ya Yi Shiru

Akwai wani mutum da yake aiki a kamfanin rubuta manhajar kwamfuta, irin wadda shagunan magani suke amfani da ita don sanin abin da ya shigo, abin da ya fita, da maganin da ya kusa lalacewa. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a ofishin. Kowa Sarkin Haɗi yake ce masa, tun daga Manaja har mai gadi.

Bari in bayyana muku haɗin, don na san ba kowa ne a shafin nan ya san harkar ba. Masu rubuta manhaja da yaren kwamfuta suke rubutu, fayil bayan fayil. Wannan rubutun ba ya aiki haka nan. Sai an tattara shi, an bi da shi ta wasu matakai, ya dunƙule ya zama abu guda wanda mai shago zai danna ya buɗe. Wannan tattarawar ita suke kira haɗi.

To, haɗin kamfanin nan yana da wata lalura. Tun farkon kafa kamfanin, lokacin ana sauri kuma hannu bai da yawa, aka jingina shi da wani tsohon yaren kwamfuta daban, wanda ba ma da shi ake rubuta manhajar ba. Duk sanda za a yi haɗi, sai tsarin ya je ya tambayi tsohon yaren: wane saiti kake da shi, ina ka ajiye kayan aikinka, yaya aka gina ka? Duk amsar da ya bayar, ita haɗin zai kwafa ya yi aiki da ita.

Kamar gidan da ya jawo wutar lantarki daga maƙwabci ne. Ranar da maƙwabcin ya yi gyara a nasa gidan, kai ne za ka zauna a duhu.

Saboda haka in aka samu kwamfutar da saitin tsohon yarenta ya ɗan bambanta, haɗi sai ya ƙi. Mutum ɗaya ne tak ya san yadda ake lallashin abin, shi ne Sarkin Haɗi. An sayo sabuwar kwamfuta, sai ta bi ta teburinsa. An ɗauki sabon ma'aikaci, kafin ya san inda banɗaki yake sai ya san inda Sarki yake zama.

Kuma yana jin daɗin abin, kada ku ji wai. In aka kira shi, ba ya tashi nan take. Sai ya ƙarasa kurɓar shayinsa, ya goge tabarau, ya taka a hankali kamar mai tsoron kada ƙasa ta ji ciwo. Ya isa, ya ture mai kwamfutar gefe, ya yi 'yan danne-danne ba tare da ya bari an ga abin da ya danna ba, sannan ya ce, "Gwada yanzu."

Sai dai sarautar tana da nata kuɗin goro. Bai taɓa cin hutunsa ya ƙare ba tare da an kira shi ba. Ranar da aka sallamo matarsa daga asibiti bayan haihuwar autarsu, a mota ya bar ta da jaririya ya haura ofis, wai haɗi ya ƙi.

Abu guda yake so a zuciyarsa. Kamfanin zai buɗe sabon sashe na rubuta manhajar asibitoci, kuma ana neman wanda zai shugabance shi. Shi ne ya fi kowa daɗewa, shi ne ya fi kowa sanin cikin aikin. Har ya gaya wa matarsa cewa muƙamin nasa ne. Da ya tuntuɓi Manaja, sai Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ina sane da kai. Ka ɗan ba ni lokaci."

A ofishin akwai ƙanwarsa, 'yar ƙanin mahaifiyarsa. Shi ya kawo ta, shi ya tsaya mata har aka ɗauke ta. Ranar da ta fara aiki ya gabatar da ita da cewa, "Ga 'yar kawuna," shi ke nan sunan ya bi ta. Har Manaja 'Yar Kawu yake ce mata.

'Yar Kawu ba shiru-shiru ba ce. In tana dariya ana jinta daga matakala. In ta yi kuskure ita za ta fara ba da labarin. Tana tsokanar yayan nata kullum.

"Yaya, wannan furfurar ta haɗi ce ko ta yara?"

"Ta ciwon kan da kike ba ni ce. Koma wurin zamanki."

Haka suke, har ranar da Manaja ya tara ma'aikata a ɗakin taro.

Ya ce, "Mun daɗe muna rataye da tsohon yaren nan. Lokaci ya yi da haɗinmu zai tsaya da ƙafarsa, ya daina zuwa aron saiti. 'Yar Kawu ce za ta yi wannan aikin."

Aka tafa. Sarkin Haɗi ma ya tafa, ya yi yaƙe. Aikin haɗi, a ba wani, yana zaune? Kuma ba kowa ba sai yarinyar da shi ya koya mata buɗe fayil?

Suna fitowa sai ga Rediyo. Wannan wani abokin aikinsu ne da ba a taɓa jin labari a ofis ba tare da ya bi ta bakinsa ba. Ya matso ya rage murya.

"Sarki, ka ga abin da na gani kuwa?"

"Me ka gani?"

"A'a, ni ba ruwana. Amma ana neman shugaban sabon sashe, sai kawai a ba wata babban aikin da kowa zai gani? Kuma aikin da in ya yiwu, an daina buƙatar wani? Ni dai na yi shiru."

Ya yi shirun kuwa, bayan ya gama zuba fetur.

'Yar Kawu ta zage damtse. Aikin ba na burgewa ba ne, na haƙuri ne. Sai ta bi kowace tambaya da haɗin yake yi wa tsohon yaren, ta gano amsar, ta gano dalilin da ya sa ake buƙatarta, sannan ta rubuta amsar a fayil na kamfanin kansa. In ta gama da tambaya ɗaya, ta yanke igiyarta, ta koma ta gaba.

Takan zo teburinsa da tambaya. "Yaya, wannan saitin me yake yi?"

"Ai ke aka ba aikin."

"Haba Yaya, kai ne ka san tarihinsa."

"Na manta."

Bai manta komai ba. Sai ta yi dariya ta ce tsufa ne, ta koma ta tono amsar da kanta. Wannan dariyar ta fi komai ƙona masa rai, don ya so ya ga ta damu.

Wata rana aka kawo sabuwar kwamfuta a kwali. A da, kai tsaye teburinsa za a nufa da ita. Ranar sai 'Yar Kawu ta ce a kawo mata. Ta fasa kwalin a gaban kowa, ta kunna, ba ta saka tsohon yaren ba ko kaɗan, ta danna haɗi.

Jama'a suka zagaye ta. Rubutu ya yi ta gudu a allo, ya yi ta gudu, sannan ya tsaya da alamar an gama lafiya.

Ofis ya kaure da ihu. Wani ya buga tebur. Manaja ya leƙo daga ofishinsa yana murmushi har kunne. Sarkin Haɗi bai tashi ba. Ya ƙura wa allonsa ido kamar yana karanta wani abu mai muhimmanci, alhali ba abin da yake gani.

Rediyo ya wuce ta bayansa ya ce, "Ranka ya daɗe, sarauta ta fara girgiza."

Da yamma Sarkin Haɗi ya koma gida fuska a ɗaure. Matarsa malamar makaranta ce, tana zaune a falo tana duba aikin ɗalibai, autarsu tana jan gefen zaninta. Ta kawo masa abinci, ya tsakura ya ture.

"Baban yara, lafiya?"

Ya ba ta labari, amma irin labarin da mai ƙyashi yake bayarwa, wanda aka cire duk abin da bai dace da fushinsa ba.

Ta ajiye jan biro ta dube shi. "To ni ban gane ba. Ba kai ne kullum kake kukan haɗin nan ya hana ka sakat ba?"

"Ba ki fahimci siyasar ofis ba. So take ta nuna ba ni da amfani, a ba ta sabon sashe."

"Ita ta gaya maka?"

"Sai ta faɗa?"

"Ka tambaye ta mana. Ƙanwarka ce fa."

"In tambayi yarinyar da na goya? Allah ya kiyaye."

Kamar an shirya, sai wayarsa ta yi ƙara. Kawu ne, mahaifin yarinyar, muryarsa cike da farin ciki. Ya ce ya ji 'yarsa ta yi abin da ya ba kowa mamaki a ofis, har ya ba 'yan uwa labari. Ya ce, "Duk albarkacinka ne. Ka ci gaba da riƙe hannunta, Allah ya yi maka albarka."

Ya ce amin da baki. Da ya ajiye wayar ya ce wa matarsa, "Kin ji ko? Na shekara nawa ina riƙe da kamfanin nan, ba wanda ya taɓa buga waya ya ba da labarina."

Matar ta ce, "Wannan ba siyasar ofis ba ce, ƙyashi ne, kuma bai dace da kai ba."

Ya tashi ya shige ɗaki.

A kamfanin akwai doka. Duk gyaran da aka yi, komai ƙanƙantarsa, ba ya shiga manhajar da za a tura wa masu shaguna sai wani ma'aikaci na biyu ya duba ya amince. Gyaran haɗi kuwa, wa zai duba in ba Sarkin Haɗi ba?

Bayan an dawo daga cin abincin rana, 'Yar Kawu ta jawo kwamfutarta ta zo ta tsaya a gefensa. Ranar ba ta yi tsokana ba.

"Yaya, na gama. Na gwada a duk kwamfutocin ofis, ya yi. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Tsohon yaren nan yana ba mu abubuwa da yawa a dunƙule. Don Allah ka duba mini da kyau. Akwai wani abu da yake ba mu wanda ban kwafo ba?"

Ya karɓa ya fara bi layi-layi. Yana bi yana neman kuskure, kuma abin haushin, aikin ya yi kyau. Ta tsara komai, ta rubuta dalilin kowane saiti a gefensa, yadda ko sabon shiga zai karanta ya gane. Kyan aikin ya ƙara masa zafi.

Can ƙasa sai ya ga abin da yake nema. Ko in ce, ya ga babu shi.

Akwai wani saiti guda da tsohon yaren yake cusawa cikin haɗi ba tare da an tambaye shi ba. Shi ne yake ba manhajar ikon buɗe fayil mai girma sosai. Ƙananan shaguna ba su buƙatarsa, don bayanansu ba su da yawa. Fayilolin gwajin ofis ma duk ƙanana ne, shi ya sa gwaji bai nuna komai ba. Amma shagon da ya tara bayanan shekaru masu yawa, in babu wannan layin, manhajar za ta tsaya cak ta ƙi buɗewa.

Ya san haka sarai, don shi kansa ya taɓa shan wahalar abin a shekarun baya. Layi ɗaya ne. Da ya buɗe baki, kafin shayinsa ya huce an gyara.

Ta ce, "Yaya?"

Ya tuna tafin ɗakin taro, ya tuna muryar Kawu a waya.

Ya ce, "Ya yi."

"Ka tabbata?"

"Na ce miki ya yi."

Ya danna amincewa. Ta yi ajiyar zuciya, fuskarta ta washe. "Allah ya bar mana kai, Yaya. Yanzu hankalina ya kwanta."

Jama'a, nan ne abin ya fi ba ni haushi. Ba ƙarya ya ƙirƙira ba, ba wani abu ya lalata da hannunsa ba. Shiru kawai ya yi, kuma ya riƙa gaya wa kansa cewa ai ba shi ya manta layin ba. Irin wannan muguntar ta fi kowace sauƙin yi, don mai yinta yakan kwana yana ganin hannunsa a wanke.

Aka tura sabuwar manhaja ga masu shaguna. Ƙananan shaguna suka karɓa lafiya.

Washegari da safe wayar Manaja ta fara ƙara, ta ƙi tsayawa. Babban kantin maganin da ya fi kowa daɗewa da kamfanin ne. Manhajarsu ta ƙi buɗewa. Ba su san abin da ke cikin sito ba, ba su san farashi ba, ba su san wane magani ne ya lalace ba. Mutane sun yi layi har bakin titi riƙe da takardun likita, wasu da marasa lafiyarsu a mota.

Ofis ya rikice. 'Yar Kawu ta yi tsuru-tsuru a gaban allonta. Manaja ya fito da waya a kunne yana ba da haƙuri, gumi yana keto masa.

"Ina Sarkin Haɗi?"

Sarki ya ƙarasa shayinsa. Ya goge tabarau. Ya taka ya karɓi wayar daga hannun Manaja, ya ce wa na can ɓangaren, "Kwantar da hankalinka. Gaya mini, fayil ɗin bayananku yana da girma sosai, ko?"

Aka ce ƙwarai kuwa.

Ya koma teburinsa, ya dawo da tsohon haɗi mai jingine da tsohon yare, ya haɗa manhajar, ya tura. Kafin rana ta take, kantin ya buɗe aiki.

Aka tafa masa, tafin da ya daɗe yana jin yunwarsa. Rediyo ne a gaba. "Ai na faɗa! Sarki sarki ne! Yaran zamani sai gaggawa." Sarkin Haɗi ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Ya waiga don ya ga fuskar ƙanwarsa, sai ya ga wurinta babu kowa.

Ashe tun ana cikin rikicin ta ɗauki jakarta ta tari tasi ta nufi kantin. Ta sami mai kantin yana huci, ta ce masa, "Ni ce na yi gyaran da ya jawo muku wannan. Ku yi haƙuri. Ku nuna mini inda zan taimaka."

Ta shiga bayan kantar sayar da magani tare da ma'aikatansu, tana hawa tsani tana duba kwanan watan magunguna da ido, tana miƙowa. Wata tsohuwa da ta gaji da tsayuwa ta zazzaga mata faɗa, ta karɓa, ta kawo mata wurin zama. Da manhaja ta dawo, ba ta tafi ba. Ta zauna a kwamfutarsu ta bi diddigi har ta gano layin da ya ɓace.

Da yamma ta tura wa duk ofis saƙo. Ta bayyana abin da ya faru, ta nuna layin, ta ce kuskurenta ne, kuma daga yanzu ya kamata a riƙa gwaji da manyan fayiloli. Ba ta ambaci wanda ya duba aikin ya amince ba.

Sarkin Haɗi ya karanta saƙon, ya ɗan ji wani iri, amma ya kawar da kai. Ai ya ci nasara.

Bayan 'yan kwanaki Manaja ya aika a kira shi. Ya gyara wuyan riga, ya shiga da sallama, zuciyarsa fes.

Manaja ya ce, "Zauna. Da farko ina yi maka godiya a madadin masu kamfani. Ka fitar da mu kunya."

"Aikina ne, ranka ya daɗe."

"Masu kamfani sun zauna. Abin da ya faru ya tsorata su, don saura kaɗan mu rasa babban kantin nan. Sun yanke hukunci ba wanda zai sake taɓa haɗi. Zai ci gaba da zama a kan tsohon yare kamar yadda yake. Kuma tunda kai kaɗai ka iya shi, sun ce kada a kuskura a matsar da kai ko nan da can."

Ya ji kamar bai ji daidai ba. "To, sabon sashe fa?"

Manaja ya cire tabarau ya ajiye. "Abin da ya fi damuna ke nan. Sabon sashe naka ne tun farko. Masu kamfani sun amince da kai, sharaɗinsu ɗaya ne, wa zai riƙe haɗi in ka tafi? Na rasa amsa. Ƙanwarka ce ta shigo ofishin nan ta same ni. Ta ce, Yayana ya fi kowa cancanta, haɗin nan ne ya ɗaure masa ƙafa, a ba ni in kwance shi. Ta roƙe ni kada in gaya maka sai an gama, wai tana son ta ga fuskarka ranar."

Ɗakin ya yi masa zafi.

"Amma ranka ya daɗe, ai layi ɗaya ne! A saka shi kawai, haɗin zai tsaya da ƙafarsa. Aikinta ba shi da wata matsala, wallahi na duba, layin nan ne kaɗai!"

Manaja ya dube shi. Sannan ya ce, "Ita ma haka ta ce musu. Ni ma haka na ce. Sun ce sun ji, amma an riga an gwada sau ɗaya a kan marasa lafiya, ba za a sake ba."

"To wa za a ba sashen?"

"Mai kantin nan ya buga wa masu kamfani waya da kansa. Ya ce ya daɗe yana hulɗa da kamfanoni, bai taɓa ganin wanda ya yi kuskure ya kawo kansa ba tun kafin a neme shi. Ya ce in aikin asibiti za mu shiga, irin wannan mutum ake so a gaba. Ƙanwarka aka ba. Ta ƙi karɓa har sai da na gaya mata ko ta ƙi ba kai za a ba ba, daga waje za a ɗauko."

Ya fito daga ofishin bai san yadda ya kai teburinsa ba. Rediyo ya riga ya ji labari, yana can yana gaya wa mutane cewa shi dama tun farko ya ga alamar shugabanci a tattare da yarinyar.

A gida ya gaya wa matarsa cewa ba a ba shi ba. Ta tambaye shi dalili, ya ce masu kamfani ne. Ta dube shi kawai, ta ci gaba da ninke kayan yara, ba ta ƙara tambaya ba. Ya gwammace da faɗa ta yi masa.

Aka gyara wa sabon sashe ɗaki a bene na sama, aka jera tebura, aka kawo sababbin kwamfutoci a kwalaye. Tunda haɗi yana nan a kan tsohon yare, ko ɗaya ba za ta yi aiki ba sai an saita ta. Aka aiko a kira Sarkin Haɗi.

Wannan karon bai tsaya ƙarasa shayi ba. Ya hau sama, ya fara daga tebur na farko, yana bi ɗaya bayan ɗaya, sababbin ma'aikata suna matsa masa suna cewa sannu da aiki. Na ƙarshe shi ne babban teburin da ke kusa da taga.

'Yar Kawu ta miƙe daga kujerar shugaban sashe ta juyo masa da ita. "Zauna, Yaya."

Ya zauna. Ya fara saka tsohon yaren, idonsa a allo. Ta tsaya a gefensa kamar ranar da ta kawo masa aikinta, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba wanda zai ji.

"Ranar nan, kafin in fita, na ji tambayar da ka yi musu a waya. Ba ka buɗe komai ba, ba ka duba komai ba, ka tambayi girman fayil."

Yatsunsa suka tsaya a kan madannai.

"Ban gaya wa kowa ba, ko Baba. Ba kuma zan faɗa ba. Kai ka kawo ni nan, ba zan manta ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma Yaya, na tambaye ka fa. Har sau biyu na tambaye ka."

Duk dabarar da ya iya ta lallashin kwamfuta ba ta ba shi kalma ɗaya ba. Hawaye ya cika masa ido har rubutun allon ya dusashe, ya cire tabarau yana gogewa kamar su ne da laifi.

Haɗi ya gama, alamar lafiya ta fito. Ya ce, "Gwada yanzu," da wata murya da shi kansa bai gane ba.

Sannan ya tashi ya ba ta kujerarta, ya sauka ƙasa.

Darasi: Mai ƙyashi yakan ɗauki hannun da aka miƙo don a ɗaga shi a matsayin hannun da zai ture shi. Kafin ka yanke wa ɗan uwanka hukunci a zuciyarka, ka buɗe baki ka tambaye shi. Kada ka ɓoye abin da ka sani don a ci gaba da buƙatarka, domin wurin da ka hana kowa iya riƙewa, a nan za a bar ka. Kuma shirun da ka yi kana kallon wani zai faɗi, shi ma laifi ne, ko da ba wanda ya kama ka. Ku tura wannan labari ga abokan aikinku da 'yan uwanku, wataƙila akwai wanda yake riƙe da nasa layin yau, yana shawarar ko ya faɗa ko ya yi shiru.